Kurakuran rubutun Hausa da suka addabi ofisoshinmu a Kano

Abin takaici ne a ce takarda ta fito daga ofis a birnin Kano, da hatimi da sa hannun shugaba, amma layin farko ya ce "zaayi taro akan albashi". Abokin aikin da ya rubuta ta ya iya Hausa sarai. Ƙa'idar rubutu ce ba a koya masa ba, ko kuma saƙon WhatsApp ya ɓata masa hannu.

Mafi yawan ɓarnar tana wajen haɗa kalmomi da raba su. Lamirin suna na shuɗaɗɗen lokaci ba ya manne wa aikatau: "ya yi", "sun ce", "ta zo". Wanda ya rubuta "yayi" ya koma maganar abin da ake yayi a gari. Haka "za" take tsayawa ita kaɗai: "za a yi", "za mu je", ba "zamuje" ba. Amma "yana", "suna", "muke" da "take" a haɗe suke, kuma nan ne mutane ke juya abin, su raba na haɗewa su haɗe na rabawa. Gajeriyar mallaka tana manne da suna, "ofishinsa", "motarta", doguwar kuma tana ware, "ofishin nasa". "Ne" da "ce" kullum a ware suke.

"Akan" da "a kan" sun fi kowanne wahalar da ma'aikata, alhali gwajinsu mai sauƙi ne. Idan za ka iya sa "bisa" ko "game da" a gurbin, raba su: "taro a kan albashi". Idan nufinka abin da aka saba yi ne, haɗe su: "akan biya albashi ƙarshen wata".

Sai haruffa masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ da 'y. Barinsu yana sauya ma'ana gaba ɗaya. "Ya kasa" daban, "ƙasa" daban. "Kafa kwamiti" ba "ƙafa" ba ce. Wanda ya rubuta "bari" yana nufin "ɓari" a takardar asibiti ya jawo rikici. Uzurin da ake kawowa shi ne babu su a allon rubutu. Akwai su. A wayar Android, shiga saitin Gboard ka ƙara Hausa. A kwamfuta mai Windows ma ana ƙara Hausa a sashen harsuna. Aikin minti biyu ne. Sa "q" a madadin ƙ, ko "x" a madadin z, ko "ch" a madadin c, ba shi da gurbi a takardar aiki.

Jinsi ma yana zamewa. Sunan jinsin mace mai ƙarewa da -a yana ɗaukar -r, na namiji da jam'i -n: "takardar hutu", ba "takardan hutu" ba.

Waɗannan ƙa'idoji ba yau aka tsara su ba. An zauna a kansu a Bamako a 1966, an daidaita na Nijeriya da Nijar a Yamai a 1980, kuma masana a Jami'ar Bayero sun daɗe suna koyar da su. A ofis, gyaran ya fi karɓuwa idan an ja mutum gefe: "Malam, duba nan, raba su ake yi." Kafin takarda ta je wajen sa hannu, a ba wani ya karanta ta da biro a hannu, ya fara da neman "za", "ya" da "akan".