Yadda Za a Yi Amfani da Wa'azin Bidiyo a Makarantar Lahadi

Kafin a nuna wa yara kowane bidiyo, fasto ko dattijon ikilisiya ya kalle shi daga farko har ƙarshe, ya tabbatar koyarwar ta dace da Littafi Mai Tsarki. A sauke shi a filashi tun ranar Asabar, domin intanet kan yanke ana tsakiyar darasi.

A raba yaran gida uku. 'Yan shekara 4 zuwa 7, minti biyar ya ishe su: labarin jirgin Nuhu, waƙa, sai gajeriyar aya ta haddacewa. 'Yan 8 zuwa 12 a ba su minti goma, sannan su buɗe nassin da kansu. Matasa 'yan 13 zuwa 17 su ne ke bukatar lokaci. A nuna musu minti 15, misali kan Yusufu a gidan Fotifar (Farawa 39), a tsayar sau biyu a yi tambaya, a bar su su tattauna kan jaraba, abokai da waya. Idan malami ya kunna bidiyo ya koma gefe ya zauna, hankalinsu zai watse.

A zaɓi wanda aka yi da Hausa. Ƙananan yara ba sa iya bin fassarar da ake rubutawa a ƙasan hoto.

A Katsina, zafin watan Afrilu kan sa majigi ya kashe kansa, ƙurar hunturu kuma ta toshe masa mashigar iska. A riƙa goge ta, kada a jingina shi da bango. A rufe tagogi da labule mai kauri, a haɗa lasifika ta daban, a ajiye janareta nesa da aji saboda ƙara da hayaƙi.