Wa Zai Biya Me a Cinikin Jirgin Ruwa Na Hannu?

Abin da ya fi wargaza cinikin jirgin ruwa na hannu shi ne kuɗaɗen da ke tasowa tsakanin ranar da aka yi tayi da ranar da aka miƙa makulli, ba farashin kansa ba. Saboda haka, da zarar mai jirgi ya sallama, a zauna a rubuta nauyin da ke kan kowa tun kafin a tada inji. A nan ne mai saye yake ba da kafin alƙalami, galibi kashi 10 cikin 100 na farashi, kuma ya fi kyau kuɗin ya zauna a hannun dillali ko lauya, tare da sharaɗin za a mayar masa idan bincike ya fito da aibin da ba zai iya ɗauka ba.

Kuɗin ƙwararren da zai binciki jirgin yana kan mai saye, kuma ina ganin bai kamata ya yarda wani ya ɗauke masa shi ba, domin wanda ya biya mai bincike shi ake yi wa aiki. Rahoton da mai jirgi ya ajiye tun bara yana da amfani, amma ba ya isa hujja. Bincike na gaskiya sai an ɗaga jirgin daga ruwa an wanke ƙarƙashinsa, sannan mai binciken ya bi gangar jikin da ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasawa yana sauraro, domin inda ruwa ya shige ko katako ya ruɓe sautin yakan mutu. Zai girgiza farfela ya ji ko ta yi sako-sako, ya duba tsatsa da wuraren yoyo da wayoyin lantarki. Ladan ɗagawa da mayarwa, da na makanikin da zai duba inji, duk mai saye ne zai biya, ko da daga baya ya fasa.

Gwajin tuƙi kuwa bisa al'ada na mai jirgi ne: shi zai zuba mai, ya kawo matuƙi, kuma inshorarsa ce ke aiki tunda har yanzu jirgin nasa ne.

Idan an gano aibi, a rarrabe tsakanin abin da ke barazana ga rai, kamar yoyon tankin mai ko fashewar gangar jiki, da tsufa na yau da kullum irin kujerun da rana ta cinye. Na farko ya cancanci ragi, na biyun kuwa ya riga ya shiga farashi. Ragin ya fi alheri ga mai saye a kan a ce mai jirgi ya gyara, saboda mutumin da ke shirin rabuwa da kaya gyaran da ya fi araha zai nema.

La'adar dillali, wadda ita ma sau da yawa kashi 10 ce, daga kuɗin mai sayarwa ake cire ta. Haka kuma shi zai biya bashin banki idan jirgin yana jingina, da kuɗin wurin ajiya da na masu gyara har zuwa ranar miƙawa. Wannan batu ba na wasa ba ne, domin a dokokin ƙasashe da yawa irin wannan bashi jirgin yake bi, ba mutumin da ya ci shi ba, har ana iya tsare jirgi a hannun sabon mai shi. Mai saye ya nemi takardar shaidar an biya, ya kuma gwada lambar da ke jikin jirgin da ta injin da abin da ke rubuce a takardu.

Haraji, sauya suna a rajista da kuɗin jigila na mai saye ne. Inshorarsa ta fara aiki daga sa'ar da aka sa hannu a takardar ciniki, kuma a rubuta wannan sa'a a jikin takardar, tare da jerin kayan da za su bi jirgin, kamar anga (ƙarfen da ake jefawa cikin ruwa don tsayar da jirgi), rigunan ceto, batura da tirelar da ake ɗora jirgin a kai a ja shi da mota.