Kafin ka biya kuɗin gida, kawo injiniyanka ya duba

Gidan da aka sa a kasuwa yawanci sai an yi masa kwalliya: sabon fenti, sabon silin a falo, wani lokaci har da tayil a jikin bango daga ƙasa zuwa ƙugu. A nan idon mai saye yake tsayawa. Abin da zai ci maka kuɗi bayan ka tare kuwa yana ƙarƙashin fentin, cikin silin, ko a ƙasan da aka kafa ginin. Biyan kuɗi ba tare da ƙwararre ya duba waɗannan wurare ba cinikin biri ne a sama.

Wanda za ka ɗauko injiniyan gine-gine ne mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, musamman idan gidan bene ne. Ka nemi lambar rajistarsa. Kada ya zama dillali ne ya kawo shi, domin la'adar dillali ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa. Ku yi tsadar aikin tun farko, da sharaɗin rahoto a rubuce tare da hotuna. Ya zo da mai wayarin da mai aikin famfo.

Amma takardu ake fara bi, don kada ka biya kuɗin duba gidan da ba zai sayu ba. Tun dokar amfani da ƙasa ta 1978, ƙasa tana hannun gwamna, kuma sai da amincewarsa ake mayar da takardar C of O, wato shaidar mallakar fili, zuwa sunan wani. Lauya ya bincika a hukumar rajistar filaye, KANGIS idan Kano ne, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja: sunan wa ke kan fayil, an jinginar da gidan a banki, ko an soke takardar? Idan gidan gado ne, a ga takardar rabo daga kotu da sa hannun dukkan magada. Sannan ka karɓi zanen ginin da hukumar tsara birni ta amince da shi, KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, ka miƙa wa injiniya, domin da shi zai gane abin da aka ƙara daga baya.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne tsakiyar damina, cikin Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi. Ranar nan gida ba ya iya ɓoye komai. Idan da rani ne, a dubi layin da ruwa ya bari a jikin katanga, kuma a tambayi maƙwabta inda ruwa yake kwanciya. Su za su gaya maka ko wurin tsohon kududdufi ne aka cike da shara aka yi gini a kai, abin da ba baƙo ba ne a Kano. Irin wannan ƙasa tana ci gaba da zama, wato lotsawa, shekara da shekaru, gini kuma yana binta. A sassan Borno, Gombe da Adamawa matsalar baƙar laka ce, mai kumbura da damina ta tsuke da rani. A ɗaga kai kuma a dubi wayar wuta: babban layi mai 330kV yana buƙatar tazarar mita 25 ta kowane gefe, mai 132kV mita 15.

Tsagar bango ita ce ta fi rikita masu saye, don ba duka ba ne abin tsoro. Siririya kamar gashi, mai rassa a kan filasta, yawanci yaɓen ne ya bushe da sauri, kuma gyaranta ba wuya. Wadda injiniya yake nema ita ce mai tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko mai bin layin bulo kamar matakala, wadda ta fi faɗi a gefe ɗaya, kuma ana ganinta ciki da waje a wuri guda. Wannan alama ce ta fandisho ya zauna ta ɓangare ɗaya. Idan faɗinta ya wuce milimita 5, magana ta wuce ta birkila. Ƙofar da ta daina rufuwa daidai da tayil ɗin ƙasa da ya tsage a layi ɗaya shaidu ne na abu guda. Don a san ko tsagar tana tafiya, ana ɗamɓara mata ɗan siminti a rubuta kwanan wata, a dawo bayan makonni. In ya fashe, ginin bai daina motsi ba. A kuma kula da wurin da filasta ya fi kauri ko launin fenti ya bambanta, nan aka toshe tsohuwar tsaga.

Sai bulo. A inda babu filasta, kamar bayan katanga ko cikin silin, a karce shi da ƙusa. In yana zubewa kamar gari, an yi ƙwauron siminti. A tsofaffin unguwanni a ƙwanƙwasa bango sosai, don akwai ginin ƙasa da aka yaɓe da siminti aka sayar a matsayin ginin bulo.

Danshin da ke tasowa daga ƙasa ba ya cika wuce mita ɗaya. Za ka ga fenti yana kumbura, da farin gari kamar kanwa. Tayil ɗin da aka liƙa a ƙasan bango sau da yawa wannan yake rufewa, shi ya sa ake auna sama da shi da na'urar gwada danshi.

A gidan bene, ƙarƙashin dekin ake duba. Jan tabon tsatsa ko kankare da ya ɓare har rodi ya bayyana yana nufin ruwa ya kai ga ƙarfen, kuma rodi idan ya yi tsatsa kumbura yake yi ya fasa abin da ya rufe shi. Injiniya yana da guduma ta musamman da yake gwada ƙarfin kankare ba tare da ya fasa ba. Babban haɗari shi ne benen da aka ɗora kan fandishon da aka yi don gidan da ba bene ba, abin da zanen farko zai tona.

Dole wani ya hau cikin silin da tocila. Hasken rana ta kwano rami ne. Katakon da sukudireba ta shige cikinsa, gara ta gama da shi. Rufin da aka ɓoye a bayan bango yana da kyan gani, amma magudanarsa ta kankare da indararonsa su ne suka fi yoyo.

Mai wayarin ya buɗe soket biyu ko uku: wayar fitila 1.5mm ce, ta soket 2.5mm, ta na'urar sanyaya ɗaki da hita 4mm. Siririyar waya a inda ake buƙatar mai kauri ita ke ɗaukar zafi ta jawo gobara. Ya tabbatar akwai wayar da aka binne a ƙasa don kariya. Ka ɗauki lambar mita ka tambayi ofishin wuta ko akwai bashi. Mai famfo ya buɗe dukkan famfuna lokaci guda, ya kora kowane banɗaki, ya ɗaga murfin sokawe. Tazarar sokawe da rijiya ko burtsatse kada ta gaza mita 15, har da sokawen maƙwabci.

Rahoton ya raba aibobin: na kwalliya, masu buƙatar gyara tare da kiyasin kuɗinsu, da waɗanda suka taɓa fandisho ko ginshiƙai. Kiyasin gyara shi za ka ɗora a kan tebur a rage daga farashi. Na ƙarshen kuwa, sai injiniya ya rubuta cewa yana gyaruwa da nawa zai ci. Idan mai gida ya nemi kafin alƙalami tun ba a duba ba, a rubuta a gaban shaidu da lauya cewa za a mayar maka da kuɗinka cikin kwanaki kaza idan rahoto ya nuna matsala a fandisho, dekin ko takardu.