Kurakuran masu koyon kalamkari

Kalamkari zanen yadi ne da alƙalami, kuma tushen sunan ɗaya ne da na alƙalaminmu. A garin Srikalahasti na jihar Andhra Pradesh a Indiya, masu wannan sana'a suna zana labaran Ramayana da Mahabharata, tsofaffin littattafan addinin Hindu, a kan yadin auduga, irin wanda aka saba ratayawa a gidajen bautar Hindu. Mai koyo yakan ɗauka gwanintar tana ga hannu, alhali yawancin ɓarna tana faruwa ne tun kafin a ja layin farko.

Babban kuskure shi ne gaggawa wajen shirya yadi. Sai an wanke sitacin masaƙa tas, sannan a jiƙa yadin a madarar ɓauna da garin 'ya'yan wata bishiya da suke kira karakkaya, a shanya a rana. Maiƙon madarar ne ke hana rini nashewa. Karakkaya kuwa aikinta irin na bagaruwa ne a hannun majema: da ta haɗu da ƙarfe sai baƙi ya fito. Wanda ya yi ƙwauron ɗayansu zai ga layinsa ya bazu ko ya yi fari-fari. Gyaran kawai shi ne a sake jiƙawa kafin a ci gaba.

Baƙin tawadar, da suke kira kasim, tsohon ƙarfe ne da mazarƙwaila da ruwa, a bar su su yi tsami kusan mako 3. In aka ɗiba da wuri, toka-toka za a samu.

Alif ma yana yaudarar sabon hannu, domin shi kansa ba ya ba da launi. Ana shafa shi inda ake son ja, kuma jan ba ya bayyana sai an tafasa yadin da rini. Kafin tafasar dole a ɗauraye a ruwa mai gudu, abin da ya sa kogin Swarnamukhi, da ke gefen garin, yake da daraja a wurinsu. A cikin bokiti, alif ɗin da ya saki zai koma ya zauna a wani wuri, ja ya ɓata fuskar Rama ko Sita, taurarin labarin Ramayana, aikin makonni ya lalace. Wannan asarar ce ta fi ba ni takaici.

Alƙalamin kuma na sandar gora ne, da ƙulli a jikinsa mai riƙe tawada; kada a matse ƙullin da ƙarfi. Matsa kaɗan da yatsa ta isa.