Yadda Za a Tsara Kwanan Wata a Manhaja Ba Tare da Rana Ta Koma Wata Ba

Duk wanda ya taɓa rubuta manhajar lissafi don ɗan kasuwar Maradi da kayansa ke shigowa ta Ɗan Issa daga Jibiya, ya san cewa kwanan wata kan haddasa gardama kamar yadda kuɗi ke haddasawa. A Nijar rana ce ke fara zuwa, sannan wata, sannan shekara, kamar yadda aka gada daga Faransanci, saboda haka 03/08/1960 na nufin 3 ga Agusta, ranar samun ƴancin kai. Kwamfutar da aka saita bisa tsarin Amurka kuwa za ta ɗauke shi 8 ga Maris, kuma ba za ta ce uffan ba. Da ranar ta wuce 12, kamar 18/12, da an gane nan take, tunda babu wata na 18. Ranakun 1 zuwa 12 su ne ke sulalewa.

Matakin farko shi ne ka raba ajiya da nunawa. A rumbun bayanai, ajiye kwanan wata a gurbin da aka tanada domin sa, kada ka zuba shi a matsayin rubutu zalla. Idan za ka aika shi zuwa wata manhaja, yi amfani da tsarin ISO 8601, wanda aka fara fitarwa a 1988, inda shekara ke gaba: 1960-08-03. Ba ya karɓar fassara biyu, kuma yana jeruwa daidai da kansa.

Idan akwai sa'a a ciki, kamar lokacin biyan kuɗi, ajiye ta da agogon UTC, wato agogon duniya na bai ɗaya, sannan ka juya ta zuwa Africa/Niamey, sunan da manhajoji ke kiran agogon Nijar da shi, wajen nunawa. Nijar tana gaban UTC da sa'a ɗaya duk shekara. Sai dai a nan akwai tarko. Ranar haihuwa ba ta da sa'a, kuma idan ka liƙa mata sha biyun dare, juyawa zuwa UTC za ta mayar da ita ƙarfe 11 na daren jiya, sai a wayi gari mutum ya girmi kansa da kwana ɗaya.

Wajen nunawa, kada ka haɗa tsarin da hannunka. Taskar CLDR ta ƙungiyar Unicode, wadda ke tattara yadda kowane harshe da yanki ke rubuta kwanan wata, tana da ha-NE (Hausar Nijar) da fr-NE (Faransancin Nijar), kuma a yaren rubuta manhaja na JavaScript, Intl.DateTimeFormat mai tsara kwanan wata na aiki da su. A kan rasit ko takardar bashi, a ganina gara a rubuta sunan watan da haruffa, 3 ga Agusta, domin takardar tana iya tsallaka iyaka.

Wajen shigarwa ma kada manhaja ta yi canke. Ba mai aiki kalanda ya zaɓa, ko akwati uku masu suna, na rana da na wata da na shekara, kuma shekara ta cika lamba huɗu. Ka tuna cewa JavaScript daga sifili yake ƙirga watanni, Janairu shi ne 0. Fayil ɗin CSV kuwa, wato tebur da aka ajiye a matsayin rubutu zalla, Excel yana karanta shi ne gwargwadon saitin yankin kwamfutar da aka buɗe shi a kanta.

Abu biyu sun rage da suka shafe mu kai tsaye. Dattawa da yawa takardunsu shekarar haihuwa kawai suka ƙiyasta, don haka ka bar damar shigar da shekara ita kaɗai, maimakon tilasta 1 ga Janairu. Na biyu shi ne Hijira: lissafin Ummul Ƙura, wato kalandar Hijira ta Saudiyya, da wayoyi ke nunawa yana iya saɓawa da ganin wata a Nijar da kwana ɗaya, saboda haka ka ajiye Miladiyya, ka bar wa mai aiki maɓallin ƙara kwana ko ragewa.