Yadda Ake Haɗa Rawutar MikroTik da Sabar RADIUS

Makaranta ko ofishin da ke da rawuta biyar, kowacce da nata jerin sunaye, ranar da ma'aikaci ya bar aiki sai an bi su ɗaya bayan ɗaya ana goge sunansa. Gara a tara sunayen a saba guda, rawutocin su riƙa tambayarta kafin su bar kowa ya hau intanet. Aikin RADIUS ke nan, wato tsarin tantance masu shiga, kuma a kansa eduroam, Wi-Fi na haɗin gwiwar jami'o'i, yake tafiya.

Da farko ka samu kwamfuta mai Ubuntu, ka ba ta adireshin IP wanda ba ya canzawa, sannan ka sauke manhajar FreeRADIUS, wadda za ta mai da ita sabar RADIUS:

sudo apt install freeradius freeradius-utils

Sai ka buɗe /etc/freeradius/3.0/clients.conf ka gabatar da rawutar: adireshinta da kalmar sirrin da za su riƙe tsakaninsu. Ka sa mai tsawo. Wadda ta zo da manhajar, testing123, duk duniya ta san ta. Sunayen masu shiga kuma a fayil ɗin users suke zama, kamar haka:

musa Cleartext-Password := "kalmarsa"

Kafin ka taɓa rawuta, ka tsayar da manhajar, ka sake tayar da ita da freeradius -X, ka gwada sunan da radtest. In ka ga Access-Accept, wannan ɓangaren ya yi.

A rawutar MikroTik layi biyu ne, inda address adireshin sabar ne, secret kalmar sirrin da ka sa a clients.conf, hsprof1 kuma sunan saitin hotspot ɗinka, wato shafin da mutane ke shigar da suna kafin su hau intanet:

/radius add service=hotspot address=192.168.88.10 secret=kalmarka
/ip hotspot profile set hsprof1 use-radius=yes

Ka tabbata ƙofofin UDP 1812 da 1813 a buɗe suke. Ta farko ta tantancewa ce, ta biyu ta lissafin lokaci da data.

A nan mutane suka fi shan wuya. Idan saƙo ya zo daga adireshin da ba ya cikin clients.conf, sabar ba ta cewa a'a, shiru kawai take yi, rawuta ta ce ba a amsa ba, kai kuma ka zauna kana zargin waya. Rawuta mai adireshi da yawa takan aika da wanda ba ka zata ba. Dubi allon -X, zai nuna adireshin da ya ƙi; sai ka yi amfani da src-address a rawutar ka ɗaure ta a kan adireshin da ke cikin clients.conf.

Tun da aka bankaɗo wani raunin tsaro a RADIUS mai suna Blast-RADIUS a 2024, ya kamata ka sabunta manhajar sabar da ta rawutar, ka kunna require_message_authenticator a sabar. Ka kuma tanadi saba ta biyu a wata wutar daban, ka ƙara ta da wani layin /radius add, in ba haka ba, ranar da ta farko ta mutu babu sabon mai shiga.