Yadda ake mayar da ƙaramin firji kogon nunar da cuku

Cukun da muka sani, irin na Nijar, shanya shi ake yi har ya bushe ƙamas. Na Turawa kuwa, irin su cheddar da gouda, ajiye shi ake yi wata da watanni a wuri mai sanyi-sanyi da danshi har ya nuna. A Roquefort da ke kudancin Faransa, cikin kogwannin dutsen Combalou ake jera shi, inda iska mai laima ke shigowa ta tsagar duwatsu. Wannan yanayin ake so a samar cikin firji.

Firji a yadda yake ba zai yi ba. Sanyinsa digiri 2 zuwa 4 ne, kuma yana tsotse danshi. Cuku mai tauri yana son digiri 10 zuwa 13 da danshi kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari. Mai farar fumfuna, irin camembert, sai danshin ya kai kashi 90 ko fiye.

Da farko ka kwashe komai, ka wanke cikin da ruwan khal, ka bar shi a buɗe ya sha iska. Kada ka huda bangonsa don shigar da waya, domin bututun gas na iya bi ta wurin, kuma huji ɗaya ya isa ya kashe firjin.

Sai ka nemi na'urar daidaita zafi ta waje, irin Inkbird ITC-308, wadda ta dace da wutar gidanku. Ka soka ta a soket ɗin bango, filogin firjin kuma ya shiga gurbinta na sanyaya. Wayar da ke jin zafin ka bi da ita ta gefen robar ƙofa, ta rataya a tsakiyar firjin ba tare da ta taɓa bango ba. Ka murɗa makunnin firjin zuwa ƙarshen sanyi, ka saita na'urar a digiri 12 da tazarar digiri ɗaya, ka sa mata jinkirin minti uku zuwa biyar kafin ta sake kunnawa. Kunna-kashe a jere yana gajiyar da kwampreso, wato injin da ke sanyaya firjin.

Zafi kenan, aikin rabin awa. Danshi shi ne mai cin rai, kuma a nan yawancin masu farawa ke asarar cukunsu. Ka sayi ma'aunin danshi, amma ka gwada shi tukuna: jiƙa gishiri a murfin kwalba ya yi kamar rairayi mai laima, ka rufe shi tare da ma'aunin cikin leda na kwana ɗaya. Ya kamata ma'aunin ya nuna kashi 75. In ya sha bamban, ka riƙe bambancin a ka. Daga nan ka ajiye faffaɗan kwano da ruwa a ƙasan firjin, in bai isa ba ka rataya jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta. A ganina abin da ya fi duka shi ne kowane cuku ya samu robarsa mai murfi, da 'yar tabarmar gora a ƙarƙashinsa don kada ya zauna cikin ruwa. Cukun ya fara tsagewa, ka ƙara rufe murfin. Ka ga raɓa na taruwa a ciki, ka goge ka ɗan buɗe. Da hunturu za ka fi ƙara ruwa, da damina kuma ka fi gogewa.

Kada ka sa cuku sai firjin ya yi kwana uku babu komai kana duba alƙaluman. Ka cika sauran gurbin da gorunan ruwa, su ne ke riƙe sanyi idan an ɗauke wuta.

Makonni biyun farko ana juya cuku kullum, bayan nan sau biyu a mako ya wadatar. Buɗe ƙofar da kake yi yana sauya iskar da ta tsaya. Fumfunar da ba ka gayyata ba, ka goge ta da tsumma da ruwan gishiri. Madarar kuma, don Allah, a ɗumama ta a digiri 63 na minti 30 kafin a haɗa cukun, saboda ɗanyar madara na iya ɗauke da ƙwayoyin tarin fuka da na bakkale, cutar nan da ke sa shanu ɓari.